Yadda ake dawo da gudun Kitty Cat, ƙaramin mashin ɗin ƙanƙara na yara

Duk shekara da zarar dusar ƙanƙara ta fara sauka a nan jihar Minesota ta Amurka sai wani ya kira ni, wai ya sayo wa yaronsa tsohuwar Kitty Cat amma ba ta gudu, yaya zai yi ya cire mata gwamna, wato na'urar da ke taƙaita juyin inji. Amsata kullum ɗaya ce, ɗan'uwa kar ka taɓa gwamna tukuna. Na kwance waɗannan mashinan sun fi a ƙirga, kuma galibinsu gudunsu bai ɓace a gwamna ba, ya ɓace ne a dattin kafireto da busasshen boris da cen da ya yi tsatsa. Idan ka gyara waɗannan za ka ga abin mamaki.

Ga wanda bai san ta ba, Kitty Cat ƙaramin mashin ne na yawo a kan ƙanƙara da kamfanin Arctic Cat na garin Thief River Falls ya fara fitarwa a 1972, aka ci gaba da yin ta har ƙarshen shekarun 1990 kafin masu injin 120cc su karɓi wurinta. Gabanta siki biyu ne masu zamewa, bayanta bel mai faɗi irin na katafila. Injin ɗan 60cc ne mai shan fetur haɗe da baƙin mai, na farko-farko Kawasaki ne, daga baya aka koma Suzuki. In ka taɓa kwance ƙaramin janareta irin wanda ake haɗa wa mai da fetur a gida, to ka riga ka san rabin aikin, kusan jini ɗaya ne, har gwamnan ma aikinsu iri ɗaya. Waɗanda na auna masu lafiya suna yin tsakanin mil 8 zuwa 12 a awa, wato kilomita 13 zuwa 19, ya danganta da nauyin yaro da irin ƙanƙarar da ke ƙasa.

Kayan da za ka tanada

Sifanu da soket ƙanana, ka haɗa na milimita da na inci don injin na Japan ne amma jikin na Amurka. Sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, sifanar fulogi. Sabon fulogi guda biyu. Gwangwanin feshin wanke kafireto, sabon gasket na kafireto, sabon tiyon mai da ƙaramar matatar mai. Giris, man cen, baƙin mai na injin da ake haɗawa da fetur, da kofin awo mai lamba. Ma'aunin kwamfireshan in za ka samu aro. Ƙaramin agogon auna juyin inji, irin wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, ba shi da tsada kuma shi ne idonka a wannan aikin. Katako biyu na ɗage bayan mashin. Sai littafin mashin ɗin na shekarar da aka yi taka, wannan kar ka yi wasa da shi, ana samun kwafinsa a intanet, lambar jikin mashin ce za ta nuna maka shekarar.

Wayarka ma kayan aiki ce. Duk abin da za ka kwance ka ɗauke shi hoto tukuna, musamman sifirin da ƙarafunan gwamna.

Gargaɗi tun kafin mu fara: kar ka tada inji a cikin gareji a rufe don kana jin sanyi. Hayaƙin nan yana kisa shiru, ba ya jiran ka ji warinsa. Buɗe ƙofa gaba ɗaya ko ka jawo ta waje.

1. Auna gudunta kafin ka taɓa komai

Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai bayan sun gama aiki su ce "kamar ta ƙara gudu". Kamar ba awo ba ne. Nemi fili shimfiɗaɗɗe inda ƙanƙara ta daddanne, ka auna mita 50, ka kafa sanda a farko da ƙarshe. Yaron ya taho da gudunsa tun daga baya, ka fara ƙirga lokaci daidai sandar farko. Raba 180 da yawan sakan ɗin, abin da ya fito shi ne kilomita a awa. Sakan 14 kusan kilomita 13 ke nan, sakan 11 kuma ya ɗan haura 16. Yi sau uku zuwa da dawowa ka rubuta. In ba ka da abin awon ƙasa, kunna manhajar auna gudu a waya ka sa a aljihun rigar yaron ta ciki, ta ciki fa, don sanyi yana cinye batir nan da nan.

Kai babba kar ka hau. Nauyinka zai ƙona kuloci, kuma lambar da za ka samu ba ta da amfani.

2. Birki da abin kashewa

Kafin mu ƙara ko taku ɗaya na gudu sai mun tabbatar tana tsayawa. Ɗage bayan a kan katako, juya bel da hannu, matsa birki, dole ya riƙe gam. Matsa totur ka sake shi sau goma, kowane sau ya koma da kansa da ƙarar "tas". Idan yana komawa a hankali to akwai ruwa ko tsatsa a cikin wayar, kuma a sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifiri ruwan nan zai daskare ya riƙe totur a buɗe yaro yana kai. Canza wayar kawai, kar ka tsaya lallaɓa ta. Gwada makunnin kashewa. In babu igiyar da ake maƙala wa yaro a riga wadda ke kashe inji idan ya faɗo, saya ka saka, waya biyu ce kawai.

3. Fetur

Juye tsohon man da ke tanki gaba ɗaya. Fetur ɗin gidajen mai a nan yawanci akwai etanol kashi 10 cikin ɗari, yana jan ruwa, yana busar da tiyo, in ya kwana wata shida a kafireto sai ya zama kamar ƙaro. A Minesota akwai gidajen mai da ke sayar da wanda ba etanol don ƙananan injuna da mashinan ƙanƙara, shi nake saya. In babu a kusa da kai, yi amfani da na gama-gari amma ka haɗa kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare cikin sati biyu zuwa uku.

Haɗin baƙin mai kuma ka bi abin da littafin shekararka ya ce, kuma ka auna da kofi. Lissafin ba wuya: 50 da 1, wato kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, shi ne mililita 20 a lita ɗaya, 25 da 1 kuma mililita 40. Kar ka yi irin haɗin ido da muke yi wa janareta, a tsiyaya a girgiza a ce ya isa. Mai ya yi kaɗan fistin ya kama, ya yi yawa fulogi ya jiƙe ta riƙa tari.

4. Kafireto, inda yawancin gudun yake ɓuya

A nan zan daɗe, don a nan aikin yake. Wata mashin da na saya hannun wani mutum, ya rantse min cewa bara ma tana tafiya lafiya, da na kwance kofin ƙasan kafireto sai na tarar da wani abu kore-kore mai yauƙi ya kwanta a gindinsa, warinsa kamar tsohon fenti, ramin jet, wato ɗan sukurun da mai ke bi ta tsakiyarsa, da ya kamata ka hango haske ta cikinsa ya toshe saura ɗan ƙyas kamar bakin allura. Mashin ɗin tana tashi fa, tana tafiya, amma mil 5 take yi. Wanki kawai na yi mata ta koma 9.

Rufe mai, cire tiyo, ɗauki hoton yadda sandar gwamna da sifirin suka shiga hannun totur, ka lura da ramin da kowanne yake ciki. Cire kafireton ka ɗora a kan farin ƙyalle don ƙananan abubuwa kar su ɓace. Kwance kofin, zare fil ɗin fulot, cire fulot da allurarsa. Girgiza fulot a kusa da kunnenka, in ka ji ruwa a ciki ya huje, sai sabo. Kwance jet da sukundireba da ta cika bakinsa daidai, tagulla ce, mai laushi, in bakin ya lalace ka shiga uku.

Kafin ka cire sukurun daidaita mai, juya shi ciki a hankali har ya zauna, kana ƙirga zagaye nawa ya yi, rubuta, sannan ka fito da shi. Da wannan lambar za ka mayar. Kar ka ɗaure shi da ƙarfi, tsininsa yana lanƙwashewa.

Fesa maganin wanki a kowane rami har ka ga ya fito ta ɗaya gefen, ka kare idonka don yana dawowa fuska. Kuskuren da na fi gani shi ne a soka allura ko ƙarfen waya a cikin jet. Kana yin haka ka faɗaɗa ramin, kuma ba ya komawa. In dattin ya ƙi fita, jiƙa jet ɗin ya kwana, sannan ka bi shi da silin burushi na roba ko zaren kamun kifi. Ba ka da abin hura iska? Famfon keke ya wadatar.

Mayar da komai da sabon gasket, sabon tiyo, da matata a tsakani. In ba ka samu gasket ba ana sayar da takardarsa, ɗora tsohon a kai ka zana ka yanka.

5. Kwamfireshan, sil da salansa

Cire fulogi, ɗaura ma'auni, buɗe totur gaba ɗaya, ja igiya sau biyar ko shida. Ni a wurina in ya gaza 90 a awon psi na san ringi ya gaji, kuma duk wani saiti da za ka yi a sama ɓata lokaci ne har sai ka canza. In ba ma'auni, toshe ramin fulogi da babban yatsa ka sa wani ya ja, inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. Ka cire wayar wuta gefe ka jingina ta da jikin inji kafin nan.

Sai sil na kuranshaf, wato zoben da ke toshe gefen sandar da fistin ke juyawa. Roba ce da ta shekara talatin ko arba'in, tana bushewa ta riƙa shigar da iska ta ɓarauniyar hanya. Alamarta, silo ya riƙa hawa da kansa, ko ka saki totur inji ya daɗe bai sauko ba. Mutane suna jin wannan ƙarar su ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, alhali inji ne yake cin wuta da ƙarancin mai. Na taɓa ciro fistin daga irin wannan, gefen salansa duk ya kakkarce kamar an ja shi a kan kwalta. In ka ga alamar, canza sil kafin yaro ya sake hawa.

Cire salansa ka leƙa. Baƙin gawayi yana taruwa a bakin ramin fitar hayaƙi har ya rage shi. Juya inji har fistin ya rufe ramin, sannan ka kankare da katako ko roba mai tauri, ba ƙarfe ba. Ɓeraye kuma suna son yin sheƙa a salansa da ƙarƙashin murfin fanka lokacin zafi, ka duba, don sheƙar tana hana iska sanyaya inji.

Sa sabon fulogi da tazarar da littafi ya faɗa. In taka tsohuwa ce mai kwantak, goge bakinsa ka saita shi ma.

6. Duk abin da ke juyawa a ƙasa

Injin nan ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka duk wani abu da ke riƙewa, komai ƙanƙantarsa, daga gudu ake cire shi. Ɗage baya, inji a kashe, juya bel da hannu ɗaya. Ya kamata ya tafi ba gardama. In sai ka sa hannu biyu to akwai matsala. Bi ƙananan tayoyin da ke cikin bel ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi juyawa ko yake ƙara ka canza boris ɗinsa. Bel ɗin kar ya ɗaure da yawa, mutane suna ɗaure shi kamar ganga don tsoron kar ya zame, wannan kaɗai yana cin mil ɗaya ko biyu. Sassauta shi zuwa awon littafi, ka tabbatar tazarar hagu da dama ɗaya ce.

Cen ka wanke shi da kananzir, ka shanya, ka sa mai. Ya ɗan yi wasa kaɗan in ka danna tsakiyarsa. Kuloci kuma irin mai buɗewa da juyin inji ne, ɗigo ɗaya ko biyu na mai a bushin tsakiya ya isa, kar mai ya taɓa takalman ciki. In ka ga kwanonsa ya yi shuɗi, zafi ya ci shi, galibi saboda yaro yana tafiya da rabin totur kuloci na zamewa, ko an ɗora yara biyu. Kife siki ka duba ƙarfen ƙasansu, tsatsa ka goge ta da samfefa ka shafa kakin kyandir. Ka auna tazarar siki biyun gaba da baya, su tafi a miƙe.

Yanzu koma filin nan ka sake awo. Yawancin mutane a nan suke tsayawa don abin da suke nema ya dawo.

7. Gwamna

To ga shi mun zo. Aikin gwamna shi ne in juyin inji ya kai iyaka sai ya ja totur baya, sifirin kuma yana ja gaba, inda suka daidaita nan ne iyakar gudunka. Da shekaru sifirin yana saki, sai inji ya riƙa tsayawa ƙasa da inda kamfani ya sa shi. Abin da za ka yi shi ne mayar da shi inda yake tun asali. Naɗa agogon juyi a wayar fulogi, dumama inji minti biyar, ɗage baya sosai, kowa ya matsa daga bayan bel, buɗe totur na 'yan sakanni ka karanta. In ya gaza lambar littafi, sa sabon sifirin ko ka ƙara masa ɗauri kaɗan, kaɗan fa, ka sake karantawa. In injinka na da ɗan akwatin gwamna mai mai a ciki, duba man shi ma.

Abin da ba zan taɓa yi ba shi ne ɗaure hannun gwamna da waya ko cire shi. Na san ana yi, na san mashin tana tashi sama. Amma ka tuna wanda ke kai ɗan shekara biyar ne ko shida, mashin ɗin ba ta da wani abin shanye gargada na kirki, birkinta an yi shi ne don gudun da aka ƙera ta da shi. Daga mil 10 zuwa 15 nisan da take buƙata kafin ta tsaya ya ninka fiye da sau biyu. Sannan duk lokacin da bel ya bar ƙasa inji zai yi ihu ba mai riƙe shi, ƙarfen da ya haura shekara talatin ba ya jure wannan. Masu tseren yara a Minesota da Wiskonsin da kake gani suna gudu, a fili suke da aka kewaye, da dokoki da masu duba inji da rigar kariya, ba a bayan gida tsakanin bishiyoyi da shinge ba.

8. Siroket, in yaro ya girma

In yaron ya ƙware, yana juyawa yana tsayawa yadda ya kamata, kuma kana son ƙara masa kaɗan, hanyar da ta fi lafiya ita ce canza siroket, kamar yadda masu babur ke yi. Ƙirga haƙoran na gaba da na baya. A ce na gaba 12 ne na baya 42, raba su ka samu 3.5. In ka sa na baya mai 36 ya koma 3.0, a lissafi gudu ya ƙaru da kusan kashi 17 cikin ɗari, mai yin mil 10 za ta doshi 11 da rabi. Amma abin da ka samu a gudu ka biya shi da ƙarfin tashi. A kan ƙanƙara mai tauri za ka ga ribar, a cikin dusa mai laushi ko hawa sai ta riƙa nishi kuloci yana zafi, har ta fi da rashin gudu. Shi ya sa nake rage haƙora uku ko huɗu kawai a lokaci guda in gwada. Kafin ka saya auna cen ɗinka, mai lamba 35 tazarar fil zuwa fil kashi uku cikin takwas na inci ce, mai lamba 40 ko 41 rabin inci, ba sa shiga juna. Ajiye tsohon siroket, ƙaninsa zai buƙace shi.

9. Gwajin ƙarshe da karanta fulogi

Hular kwano mai rufe fuska, safar hannu, igiyar kashewa a maƙale, kuma kar a bar gyale ko igiyar riga tana lilo kusa da cen. In a kan tafki za ku gwada, hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota tana cewa sai sabuwar ƙanƙara mai haske ta kai inci 4 kafin mutum ya taka, inci 5 zuwa 7 kafin mashin ya hau, ka huda ka auna da kanka.

Bari ya yi minti goma yana zagaye, a zagayen ƙarshe ya riƙe totur a buɗe sannan ya kashe kai tsaye ba tare da ya bar ta a silo ba. Cire fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara, ka dace. Baƙi mai jiƙe, mai ya yi yawa ko cok bai buɗe duka ba. Fari fat ko toka-toka, tsaya nan take, mai ya yi kaɗan, koma kan jet da sil. Ka riƙe wannan: iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka saitin da ya yi daidai ranar da sanyi ke kusa da sifiri zai iya zama ƙarancin mai ranar da ya sauka 25 ƙasa da sifiri. Duk ranar da sanyi ya tsananta ina sake duba fulogi, kuma gara ya ɗan yi duhu da ya yi fari.

Idan hunturu ya ƙare a watan Maris ko Afrilu, rufe mai ka bar inji ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa, juye tanki, ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ka ja igiya sau biyu, ɗage bayan a kan katako don bel ya huta, sannan ka toshe bakin salansa da soson ƙarfe saboda ɓeraye. Rubuta a takarda ka manna a kan tanki cewa akwai soso a salansa, tare da lambar gudun da ka auna ta ƙarshe, don ka samu abin kwatantawa a Disamba.